Wa Ya Ɗora wa Baƙin Kare Laifi?

Cikin dabbobin da ɗan Adam ya raɗa wa suna da baƙi, da dama ba baƙaƙe ba ne. Baƙar mamba, macijiyar nan ta gabashi da kudancin Afirka da ake tsoron saranta, jikinta ruwan toka ne mai sirkin ƙasa-ƙasa. Cikin bakinta ne baƙi ƙirin, shi ma sai ta wangame shi ake gani. Baƙin karkanda ma ruwan toka ne, kamar ɗan'uwansa da ake ce wa fari. Irinsa na yammacin Afirka, wanda ragowarsa ta ƙarshe ta zauna a dazukan arewacin Kamaru, a 2011 aka tabbatar ya ƙare a duniya, kuma ƙahonsa ne ya ja masa, ba launinsa ba. Baƙar damisa kam baƙa ce, amma ba wani jinsi ba ce na daban. Damisa ce dai ƙi sabo, wadda sinadarin da ke rina fata da gashi ya yi wa yawa. In haske ya bugi jikinta ta gefe, sai ka ga zanenta na gado kwance a ƙarƙashin baƙin.

A karnukan gida ma akan raɗa suna da baƙi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Tarayyar Sobiyat sun nemi karen gadi mai jure sanyi, sai aka yi ta haɗa iri da iri a gidan kiwonsu da ke kusa da Mosko, ciki har da Rotwaila, har aka fitar da ƙaton kare mai gashi buzu-buzu da ake kira baƙin teriya na Rasha. Mutanen Norwe suna da nasu baƙin karen farauta. Makiyayan Turkiyya kuwa baƙin fuskar karensu na tsaron garke suka duba suka sa masa suna. Duk wannan ba ya cutar da kowa. Suna linzami ne, abin da ido ya fara gani shi ake kamawa a yi kira da shi. Tambayata tana farawa ne daga inda launi ya tashi daga abin kira ya koma abin yanke hukunci. Shin akwai halittar da Allah Ya rina ta baƙa domin ta zama alamar sharri?

Ba a littafi na fara cin karo da tambayar ba. Kawuna mafarauci ne a wani ƙauye na ƙasar Katsina, yana da wata jar karya mai dogayen ƙafafu. Wata damina ta haihu a ƙarƙashin rumbu, 'ya'yan duk jajaye da masu sirkin fari, sai guda ɗaya baƙi wuluk, ko ɗigon fari babu a ƙirjinsa. Wata tsohuwa maƙwabciya ta leƙo, ta ja da baya tana salati.

"Kai ɗan nan, ka fitar da wannan tun bai buɗe ido ba. Ba a barin irinsa a gida mai yara."

Kawu ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Iya, ai uwarsu ɗaya, nono ɗaya suke sha. In na jefa shi kududdufi, me zan ce ya yi?"

Aka bar shi, aka sa masa Duna. Da rani ya zo aka fara fita farauta, shi ne ke fara tayar da zomo, kuma bai taɓa cin abin da ya kama ba sai ya ajiye a gaban kawu. Amma a cikin gari bai da sakat. Yara in za su makarantar allo sai sun cika aljihu da tsakuwa dominsa, suna jifa suna kiransa shaiɗan. Wani dutse ya fasa masa saman ido, wurin ya warke ya bar tabo da gashi bai sake tsirowa ba. Baƙin jinin muzuru ke nan, mai kaza zagi, marar kaza zagi. Kafin ya shekara biyu ya zama kare mai zafin rai, da ya ga yaro ya sunkuya ƙasa sai ya yage baki. Nan take mutane suka ce, "Ba mun faɗa ba?" Jifa ce ta haifi halin, sannan aka ɗauki halin aka kafa hujja da shi a kan launi.

Sai dai ba zan ce yaran nan daga iska suka ɗauko maganarsu ba. Akwai hadisi, kuma ingantacce ne, yana cikin Sahihu Muslim ta hanyar Abu Zarri. An ambaci baƙin kare cikin abubuwan da ke yanke sallar wanda bai sa sutura a gabansa ba. Mai sauraron Abu Zarri, Abdullahi ɗan Samit, ya tambaye shi abin da ya raba baƙi da ja ko rawaya. Abu Zarri ya ce shi ma ya yi wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wannan tambayar, aka ba shi amsa da danganta baƙin kare da shaiɗan. Akwai kuma hadisin Jabir, cewa an taɓa ba da umarnin kashe karnuka a Madina, daga baya aka hana, aka ware baƙi wuluk mai ɗigo biyu a saman idanu. Mai son karnuka da zai ce waɗannan ruwayoyi babu su, kansa yake ruɗi. Abin da ya kamata shi ne a duba yadda malaman da suka fi mu kusa da maganar suka ɗauke ta.

Mafi yawansu ba su ɗauke ta yadda yaran ƙauyenmu suka ɗauka ba. Malik da Shafi'i da Abu Hanifa duk suna kan cewa giftawar wani abu ba ta ɓata salla, abin da ake nufi da yankewa shi ne raba zuciyar mai salla da natsuwa. Ahmad ɗan Hambali ne ya tsaya a kan zahirin lafazin, har ya hana cin abin da baƙin kare ya farauto, sauran kuwa suka halatta. A kan kisa, Nawawi ya kawo maganar Imamul Haramaini cewa hukuncin ƙarshe da shari'a ta tsaya a kai shi ne haramcin kashe duk karen da ba ya cutarwa, baƙi ne ko waninsa. Ibnu Abdil Barri, babban malamin Malikiyya na Andalus, shi ma cutarwa ya ɗauka a matsayin ma'auni. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta ma, kare mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa, wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai kuwa bin umarni ne kawai. Ana ba da labarin Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risalar nan da kowane ɗalibin zaure ya sani, cewa da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare yana gadi. Aka tuna masa Malik bai son haka, ya ce da Malik ya ga zamaninsu da zaki zai ajiye.

To kalmar shaiɗan fa? Wasu malamai, irin su Ibnu Taimiyya, sun fahimce ta da cewa aljanu sukan rikiɗa su ɗauki siffar baƙin kare. Wasu suka ce Larabawa sukan kira duk abin da ke firgitarwa ko ya yi tsaurin kai da wannan suna. Ni na fi karkata ga fahimta ta biyu, domin akwai misalinta a cikin Muwaɗɗa, inda aka siffanta matafiyin da ya kama hanya shi kaɗai da wannan kalma ɗin. Ban taɓa jin malamin da ya ce a jefi fatake in an gan su ɗaiɗai ba. Kowa ya gane gargaɗi ne a kan haɗarin tafiya babu abokin hanya. Mutumin da ke salla a filin Allah da dare, babu fitila, kare mai launin duhu ya gifta gabansa bai gan shi ba sai da ya ji hucinsa, wannan an raba shi da natsuwa ba shakka. Ko da kuwa mutum ya riƙe fahimta ta farko, ba ta ba shi izinin azabtar da dabba ba. In aljani ya ari siffar kare, wane laifi kwikwiyon da aka haifa a gaban idonka a ƙarƙashin rumbu ya yi? Dabba ba a ɗora mata shari'a ba, balle a ce ta saɓa.

Hujjar da ta fi gamsar da ni kuwa ba a babin karnuka take ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani baƙauye ya zo wa Annabi cikin damuwa, matarsa ta haifi yaro baƙi, yana nuni da cewa ba nasa ba ne. Annabi bai yi masa dogon wa'azi ba, sai ya tambaye shi launin raƙumansa. Ya ce jajaye. Ya tambaye shi ko akan samu mai ruwan toka a cikinsu. Ya ce akan samu. Da aka tambaye shi daga ina, shi da bakinsa ya ce wataƙila gado ne na kakanni ya fizgo shi. Aka ce masa to ɗansa ma haka. A wurin da launi ya kusa rusa aure ya ɓata sunan mace, Annabi ya mayar da shi inda yake, wato al'amarin gado.

Abin da masu binciken halittu suka gano ya zo daidai da amsar baƙauyen nan. A damisa, ƙwayar gadon baƙi ɓoyayyiya ce: uwa mai zane da uba mai zane suna iya haifar baƙa in duk su biyun suna ɗauke da ita. A jagwa, damisar Kudancin Amurka, ƙwayar mai rinjaye ce, daga ɓangare ɗaya ma ta isa. A dazukan Malesiya masu duhun ganye kusan duk damisar da ake gani baƙa ce, a filayen Afirka kuwa ganinta abin labari ne, shi ya sa hotunan wadda aka ɗauka a Laikipiya ta Kenya suka zaga duniya a 2019. Labarin kyarketan Arewacin Amurka ya fi ba ni mamaki. Wani bincike da aka buga a 2009 ya nuna cewa baƙin gashinsu daga karnukan gida suka gaje shi, ta hanyar barbarar da ta auku tun da daɗewa. A gandun dajin Yellowstone kusan rabinsu baƙaƙe ne, kuma wani binciken na 2022 ya nuna masu ɗauke da wannan ƙwaya sun fi tsira in annobar nan ta karnuka da ake kira distemfa ta ɓarke. Launin da muke gudu, a can garkuwa ne.

Da baƙi sharri ne a zatinsa, da duk duniya ta haɗu a kan haka, amma ba ta haɗu ba. Mutanen Ingila suna da tatsuniyar baƙin karen da suka ce ya kutsa cocin garin Bungay a 1577 ana tsakiyar tsawa. Misirawan dauri kuwa da baƙi suke zana abin bautarsu mai kan dila, domin a wurinsu baƙi launin ƙasar noma ce da kogin Nilu ke shimfiɗawa, launin rayuwa. Ɗigo biyun nan na saman ido, majusawan Farisa kare mai su suke nema ya dubi mamacinsu, a ganinsu yana korar mugun abu. A nan gida boka kan ce a kawo baƙar kaza ko baƙin bunsuru, mai saye kuma ya biya kuɗin da ya fi na fara. Dabba ɗaya, fassara barkatai. Wannan ya nuna mini fassarar daga zukatanmu take fitowa, ba daga gashin dabbar ba.

Alƙur'ani kuwa ya riga ya ba launi matsayinsa. A Suratu Faɗir an jero launukan 'ya'yan itace da na duwatsu, har da baƙi ƙirin, aka haɗa da na mutane da dabbobi, duk a matsayin abin lura ga masu ilimi. A Suratur Rum an sa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Aya abar karantawa ce, ba abar jifa ba. Kuma mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi da takalminsa, ruwayar ba ta tsaya faɗin launin karen ba.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan magana da nauyi shi ne ba ta tsayawa a kan kare. Zuciyar da ta saba karanta hali daga launi a dabba, ba ta da wuyar yin haka a mutum. Mu da Allah Ya yi baƙaƙe ya kamata mu fi kowa jin wannan a jika. An yi zamanin da ake kafa hujja da baƙar fata a halatta bauta, har Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta fatawa a 1615 yana rushe wannan hujja. Yau ga 'yan matanmu suna ƙona fatarsu da man bilicin domin an nuna musu fara ta fi tsada a kasuwar aure. Abu Zarri da kansa, mai ruwayar baƙin kare, ya taɓa goranta wa wani mutum uwarsa, wasu ruwayoyi suka ce baƙar fatarta ya goranta masa. Annabi ya tsawata masa, ya ce akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Wanda zai ɗauki ruwayarsa ta farko, ya ɗauki darasinsa na biyu tare da ita.

Ba cewa nake a daina tsoron kare ba. Akwai karen da ya cancanci tsoro, mahaukaci, wanda cizonsa ke kashe yara a garuruwanmu har gobe. Ana gane shi da dalalar yawu, da sauyin hali, da cizon duk abin da ya tarar, kuma cutar ba ta zaɓen launi. Mai salla ya sa suturarsa, mai kare ya kai shi a yi masa allurar rigakafi ya ɗaure shi, wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu ya garzaya asibiti. Yaron da aka koya wa jifan baƙin kare, aka bar shi yana wasa da jan kare mai dalalar yawu, an ba shi tsoro amma ba a ba shi ilimi ba, kuma alhakin wannan yana wuyan manyan da suka koya masa.