Ko Ya Kamata Mai Bi Ya Ba da Ƙodarsa?

Ya kai mai karatu, wataƙila kana zaune a Gwarzo ko Kabo, ɗan'uwanka kuwa yana kwance a Kano, ƙodojinsa sun gaza, ana yi masa wankin jini sau biyu ko uku kowane mako. Likita ya ce ƙodarka ɗaya za ta iya tsawaita ransa. Wataƙila ma shi ne ya juya maka baya ran da aka yi maka baftisma. Me za ka yi?

Ka fara sanin al'amarin. Allah ya ba mutum ƙoda biyu, ɗaya kuwa takan ishi mai lafiya. A 1954, a birnin Boston na Amurka, likita Joseph Murray ya ɗauki ƙodar wani ya dasa wa tagwainsa, ya kuwa rayu. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya soma wannan aiki a 2002.

Waɗansu sababbin masu bi suna tsoro, suna cewa, yaya zan tashi a ranar ƙarshe da jiki ragagge? Kada wannan ya dame ka. Wanda ya yi Adamu daga turɓaya ba za ya rasa ƙoda ɗaya ba. Kutare nawa ne suka mutu cikin bangaskiya ba su da yatsu? Ko kana tsammani Ubangiji za ya tashe su da dungu?

Batun ɗan'uwan da ya ƙi ka ya fi wuya. Zuciya za ta ce, bari ya ɗanɗana. Amma Almasihu ya ba da jikinsa dominmu tun muna gāba da shi. Idan ka bayar, kada ka mai da kyautar tarko, ka ce sai ya bi addininka tukuna. Wannan ciniki ne, ba ƙauna ba. Sayarwa kuwa, dokar lafiya ta Nijeriya ta 2014 ta hana, gama matalauci ne kullum a kan yanka, mawadaci ya warke.

Duk da haka ba tilas ba ne. Yankan yana da hatsari, kana kuwa da mata da 'ya'ya da gona. Mai hawan jini ko ciwon sukari ba a kan karɓi tasa ba. Idan dangi sun matsa maka, ka faɗa wa likita a asirce.

Ke kuma 'yar'uwa da ki ke nufin koyon aikin jinya, ga rabonki. Bayan likita ya ɗinke ya tafi, ke ce za ki auna fitsari sa'a sa'a, ki lura da zazzaɓi, gama magungunan da ke hana jiki ƙin baƙuwar ƙoda suna raunana shi gaban cututtuka. Ke za ki koya wa majinyaci ya sha su kowace rana muddin ƙodar tana aiki, ko da ya koma ƙauye ya ji ƙarfi har ya ɗauki fartanya.