Ƙaddara ce ko Haƙƙi?

Mai yawo a gaɓar tekun Ingila cikin jirgin da iska ke turawa, yana kauce wa duwatsu, ba shi da wanda zai kai ƙara in iska ta ƙi kaɗawa. Sai haƙuri.

Mu a Baturiya, kwale-kwalenmu ambaliyar kogin Hadejia yake jira. Da ita muke kamun kifi, mu noma shinkafa, makiyaya su sami ciyawa. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da ke iso mana ya koma hannun mutane, kacalla kuma ta toshe hanyoyin da iyayenmu ke bi.

To, in kwale-kwale ya maƙale, ƙaddara ce ko haƙƙi? Manomin rani na Kadawa bai yi laifi ba, shi ma iyali yake ciyarwa. Sai dai abin da mutum ya tsara, mutum na iya gyara shi. Duk ranar da muka kira shi ƙaddara kawai, mun sauke wa masu rabon ruwan nauyin da ke wuyansu. Iska ake yi wa haƙuri. Ruwan da aka tare, tambayarsa ake yi.