Abin Da Ke Ƙarƙashin Majayi

Ana saura kwana uku Babbar Sallah, wani maƙwabcina a nan Badafi ya kira ni in ga akawalinsa. Ya yi tanadin sabuwar jalala da linzami, ya kuma yi wa abokansa alkawarin fita kilisa. Da ya ɗaga ƙafar dokin ta gaba, sai ga miki ɗanye kamar faɗin kwabo, daidai inda majayi yake bi. Ya dube ni ya ce, "Malam, ai in an ɗaura sirdi ba mai gani." Wannan magana ce ta hana ni barci, domin gaskiya ya faɗa. Tambayar ita ce, shin abin da ido bai gani ba, ba ya cikin hisabi?

Bari mu fara da yadda mikin ke samuwa. Dokin da ya yi watanni a turke yana cin harawa da dusa, jikinsa kan yi taushi. Rana ɗaya sai a ɗauko majayin da ya bushe ya ƙandare, da tsohon gumi da yashi a jikinsa, a zarge shi gaba ɗaya. Fatar hammata ta naɗe a ƙarƙashinsa, gumi ya jiƙa ta, kowane taku ya zama goga. Da fari gashi ke zubewa, sai kumburi, sai fata ta sale. Ka ga ke nan ba ƙaddara ce ta faɗo daga sama ba, sakaci ne da aka tara kaɗan-kaɗan.

Rigakafinsa kuwa ba ya cin kuɗi. A goge doki tas kafin ɗaura sirdi. A wanke majayi, in na fata ne a shafe shi da mai ya yi laushi. A ja shi sannu a hankali, a bar wurin da yatsu za su shiga, sannan a miƙe ƙafafun gaba ɗaya bayan ɗaya don fata ta warware. A fara motsa doki makonni kafin ranar hawa. In miki ya riga ya fito, a wanke shi da ruwan ɗumi, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita, a kare shi daga ƙuda, a guji zuba masa baƙin man mota. In ya yi mugunya, a nemi malamin dabbobi. Amma babban maganin shi ne wanda ya fi ɗaci: a sauke sirdi har sai ya warke.

A nan ne gardama take. Wani zai ce an halicci doki don hawa ne, Sallah kuma ba kullum ba ce, ga kuɗi an kashe. Zai ƙara da cewa hawa gadonmu ne, tun da har hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a shekarar 2024. Ban musa ko ɗaya ba. Sai dai halaccin hawa bai halatta cutarwa ba. Abu Dawuda ya ruwaito labarin raƙumin da ya zubar da hawaye da ya ga Manzon Allah (SAW), har Manzo ya nemo mai shi ya yi masa faɗa a kan barinsa da yunwa da kuma wahalar da shi. Raƙumin nan ya sami mai ji masa kuka. Dokin maƙwabcina fa, wa zai kai wa ƙara?

A ganina, duk wanda ba ya iya magana, haƙƙinsa ya fi nauyi a wuyan mai riƙe da shi, domin ba shi da shaida sai imanin mai shi. Ado na mahayi ne, shi ake yi wa guɗa. Miki kuwa na doki ne shi kaɗai. Haka abin yake ga ɗan aikin gida, da almajiri, da ɗalibin da ya yi tsit a bayan aji. Mu marubuta ma da laifinmu. Mun iya siffanta lifidi da algaita da ƙurar Hawan Daushe, amma ba safai alƙalaminmu ke leƙa ƙarƙashin sirdi ba.

Maƙwabcina dai bai ji shawara ba, ya hau, an kuma yaba. Dokin ya yi sama da wata guda yana jinya. Yau mikin ya warke, amma farin gashi ya tsiro a gurbinsa, kamar yadda yakan faru a irin wannan tabo. Duk sanda ya zo ɗaura sirdi, sai ya ga farin nan a jikin baƙin doki. Ya taɓa ce mini da ma ya je Idi a ƙasa.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ba su da bakin tambayarmu, amin.