IN AIKI YA LALACE A SHAGO, LAIFIN WAYE?



Kwana kaɗan bayan ƙaramar Sallah, wani bawan Allah ya tsayar da ni a ƙofar masallaci bayan Isha'i. Tela ne, yana da shago da kekuna da yara masu ɗinki. Ya ce, "Malam, don Allah a yi mana huɗuba a kan yaran zamani. Ba amana. Riga sai a karkata mata wuya, aljihu ɗaya ya fi ɗaya zurfi, ga satar zare da ragowar shadda. Da na juya baya sun ajiye aiki sun ɗauki waya."

Na ce, "In sha Allahu, Alhaji. Amma in tambaye ka. Kuɗin ɗinkin Sallar da suka kwana suna yi, ka biya su?" Ya ce sai masu kaya sun gama biya. Na ce, "In mai kaya ya zo, ya ba da kafin alƙalami tun farkon azumi, alhali ko yanka yadinsa ba a yi ba, me kake sa yara su gaya masa?" Ya yi dariya ya ce, "A ce saura guga." Na ce, "In yaro ya ɓata aiki fa, a ina kake yi masa faɗa?" Ya ce nan take, gaban kowa, don saura su shiga taitayinsu.

Ka ga ruwa ba ya tsami banza. Yaron da ka koya wa yi wa mai kaya ƙarya da safe, da wane baki za ka hana shi yi maka ƙarya da yamma? Kai ka nuna masa cewa a shagon nan gaskiya tana da lokacin da ake ajiye ta. Shi dai ya zaɓi nasa lokacin ne kawai.

Wannan ba sabon abu ba ne. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya ware fasali guda a Muƙaddima a kan illar tsanantawa ga ɗalibai, kuma ya haɗa da bayi da masu hidima. Abin da ya lura da shi shi ne, wanda aka rena da tsawa da tilas, kuzarinsa mutuwa yake yi, ya koma malalaci, ya koyi ƙarya da makirci, domin da su yake kare kansa daga hukunci. Lokacin da na karanta wannan a jami'a na ɗauka maganar makarantar allo ce. Sai da na fara zama da 'yan kasuwa na gane har da shagon tela da gidan burodi da garejin kanikawa. Ma'aikacin da yake tsoron a ci masa mutunci ba zai kawo maka rigar da ya ɓata ba. Ninke ta zai yi ya saka a leda, sai mai ita ya je gida ya gani.

Duba ɗaya ɓangaren. Anas ɗan Malik (RA) ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10 a Madina, kuma ya shaida cewa ko tsaki bai taɓa yi masa ba. Wannan yaron mai hidima ya zama cikin sahabban da suka fi kowa ruwaito hadisi. A Suratul Ƙasas kuma, mun haddace cewa an yabi Annabi Musa (AS) da ƙarfi da amana lokacin da za a ɗauke shi aiki a Madyana. Amma muna mantawa da abin da dattijon da ya ɗauke shi ya yi: ya fayyace wa'adi, shekara 8, ƙarin biyu ganin damar Musa ne, kuma ya ce ba ya son ya ƙuntata masa. Kowa yana neman ma'aikaci mai amana. Mai neman zama irin dattijon nan ne ya yi ƙaranci.

Na san wani zai ce, "Malam, ai ka ba yara lasisin ha'inci." A'a wallahi. Ma'aikacin da ya saci yadi ɓarawo ne, ko da ogansa azzalumi ne, kuma shi kaɗai zai amsa tambayarsa. Akwai kuma wanda za ka kyautata wa ya cuce ka. Amma in yaro ɗaya ya lalace a shagonka, ka binciki yaron. In duk wanda ya shigo sai ya lalace, ka binciki kanka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kyautatawa kuma ba sakaci ba ce. Maigidan kirki yana duba ɗinki kafin ya fita, ya sa a warware a sake in bai yi ba, ko da za a yi asarar yini. Sai dai a keɓe yake gyara mutum, kuma ba ya riƙe masa guminsa. Ya tabbata a Bukhari cewa cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aikinsa cikakke, ya hana shi ladansa.

Ni ma ban tsira ba. Da na koma gida a daren nan, na tuna sau nawa na yi wa malaman Islamiyyarmu faɗan makara, alhali ɗan alawus ɗinsu ya kan kai tsakiyar wata bai fito ba, ban taɓa ɗaga murya a kan wannan ba. Washegari da shi na fara.

Huɗubar kuwa na yi ta, amma rabinta a kan iyayen gida ne.

Ya kai mai shago, kafin ka kira yaranka maciya amana, ka buɗe littafinka ka duba wa yake bin ka bashi a cikinsu. Ka biya shi yau.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu, Ya sanya albarka a sana'o'inmu. Wallahu a'alam.