Fitilar Injin Ta Kunnu: Labarin Wa Za a Gaskata?

Babu injin dizal da ba ya ɗan sakin hayaƙi ta ciki. Duk sanda mai ya kama da wuta a saman fistin, wani abu daga hayaƙin kan sulale ta gefen ringi ya gangara ƙasa, inda baƙin mai yake. In ba a ba shi hanya ba, zai nemi tasa: ya ture sil, ya ɓalle gasket, mai ya riƙa tsiyaya. Da can tiyo kawai ake saƙalawa ya fesar da shi a titi. Daga 2007 dokar hayaƙi ta Amurka ta hana hakan tafiya ba lissafi, sai kamfanoni irin su Cummins suka sa filta mai raba mai da hayaƙi, da ƙaramar sensa mai auna matsin da ke taruwa a wurin.

Wayoyi uku gare ta. Ɗaya na kawo mata wuta bolt 5, ɗaya na ƙasa, ta ukun kuma ita ke kai rahoto ga kwamfutar injin. Ita kwamfutar ba ta taɓa leƙa cikin injin ba. Abin da waya ta faɗa mata shi ne iyakar saninta, shi take haskawa direba a gaban sitiyari. Tambayar da ke gaban bakanike, kafin ya ɗauki sifana, tsohuwa ce a wurin malamai: me ya wajaba a kan wanda labari ya zo masa, alhali bai gani da idonsa ba?

Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umarci muminai su binciki labari kafin su afka wa mutane bisa jahilci, su dawo suna nadama. Malaman tafsiri da yawa sun danganta saukarta da rahoton da aka kawo Madina cewa Banu Musɗaliƙ sun hana zakka, aka bincika aka tarar ba haka ba ne. A kan irin wannan tsantseni malaman hadisi suka gina iliminsu: a duba mai ruwaya, a duba sarƙar da ta kawo maganar, sannan a duba maganar kanta. Kuma ba maƙaryaci kaɗai suka ji tsoro ba. Mutumin kirki ma haddarsa kan rikice in ya tsufa.

Injiniyoyi, ta tasu hanyar, sun faɗo a kan wannan rabon. A tsarin J1939 da manyan motoci ke amfani da shi, lamba 101 ita ce matsin cikin injin, sai wata lamba ta biyo ta. In 3 ce ko 4, wutar wayar ce ta haura ko ta faɗi, wato mai kawo labarin ne ba lafiya. In 2 ce, maganarsa ba ta tsaya wuri ɗaya ba. In 16 ce ko 0, a ganin kwamfuta ya isar da saƙo daidai, saƙon ne mara daɗi. Cummins na kiran waɗannan biyun 555 da 556.

Bakanike mai amana yakan murɗa makulli ba tare da ya tayar da injin ba. Injin da ba ya aiki ba shi da matsi, don haka sensar da ta nuna matsi a lokacin ta tona kanta. Yakan cire soket ya duba ko mai ya shiga, ya bi waya ya ga inda ta gogu da ƙarfe. Yakan buɗe filta, wadda a wasu motocin Ram masu injin 6.7 aka tsara canza ta a mil 67,500. Sannan ya kawo shaida na biyu wanda bai san na farko ba: tiyo mai haske da aka lanƙwasa aka zuba masa ruwa, a jona shi da injin, a ga inci nawa ruwan ya tashi.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misali a littafinsa Munƙiz da inuwa: ido na ganinta a tsaye, sai an dawo bayan sa'a a gane tafiya take. Bai ce a rufe ido ba. Wannan ɓangaren ne aka fi sakaci da shi a gareji. Laifin wanda ya sauke injin lafiyayye saboda lamba ɗaya a fili yake, ya cinye dukiyar mai mota a banza. Amma wanda ya zare soket ya goge lambar don direba ya samu ya kama hanya, nasa ya fi muni. Tirelar da ta sha ƙurar hunturu tsakanin Legas da Kano da fasasshiyar filtar iska, ringinta na iya cinyewa da gaske, kuma sensar gaskiya ta faɗa.

Mai mota yana da haƙƙin ya tambayi bakanike abin da mitar auna wuta ta nuna a wayar da inda ruwa ya tsaya a tiyo. Kada ya biya kuɗin sauke injin, kada kuma ya yarda a kashe fitilar, sai ya ji amsar biyun.