Ƙibar Sallah: Rabon Wa Kika Ci?

Bari in fara da tambayar da ba a cika yi ba. Uwargida, rigar da tela ya ɗinka miki ana saura mako guda Babbar Sallah, in kika ɗauko ta bayan wata ɗaya, tana shiga kuwa? Da yawanmu dariya za mu yi mu ce ai hutu ne, maigida ya iya kiwo. To amma ina so mu tsaya mu duba, wannan ƙarin da ya hau jikinmu daga ina ya fito, kuma rabon wa ne?

Kin san yadda abin yake a Wurno da Rabah da Goronyo. Ranar layya a jera raguna gefen wuta, mu kuma muna cikin gida da kayan ciki. Kashegari a shiga suya, a soye nama cikin kitsensa a cika tukwane a kai ɗaka. Daga nan fa baki bai hutawa. Ki ɗanɗana kina suya, ki ci da baƙi, in kin je yawon Sallah a aje miki shinkafa da cincin da lemon kwalba, ki ce kunya ba ta bari ki ƙi.

Ba ina cewa cin nama laifi ba ne. Kwanakin Sallah kwanakin ci da sha ne da ambaton Allah, har an hana azumi ranar Idi. Amma a Suratul A'araf, aya ta 31, inda Allah (SWT) Ya halatta ci da sha, nan take Ya hana ɓarna. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito kuma ya koya mana raba ciki uku: abinci, abin sha da numfashi. Jikin nan amana ce, za a tambaye ki a kansa.

Masana lafiya ma haka suka gano. Ƙarfin da ke cikin kitse ya ninka na tuwo ko tsoka fiye da sau biyu, abin da jiki bai ƙona ba kuwa ajiye shi yake yi. Kwalbar lemo ɗaya tana iya ɗaukar sukari kusan ƙaramin cokali 9, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce kada babba ya wuce kamar cokali 12 a yini. Ƙiba in ta yi yawa, ita ke share wa hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa hanya. Hawanta sauƙi, saukarta aiki.

Sai dai abin da ya fi damuna ya wuce lafiya. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa akwai shekarar da Manzon Allah (SAW) ya hana ajiye naman layya fiye da kwana uku, saboda mabuƙata da suka shigo Madina, daga baya ya yi izini. Malamanmu na Malikiyya ba su yanka iyaka ba, sun ce a ci, a yi sadaka, a yi kyauta. Ke nan an bar ma'aunin a hannunki, ki dubi halin da maƙwabta ke ciki.

To mu wane hali ake ciki? Ba mu manta harin Tabanni a 2018 ba, da ya kori jama'a zuwa Gandi, ko na kasuwar Goronyo a 2021. Zawarawa da marayun da irin waɗannan masifu suka bari suna cikinmu. Yanzu don Allah, ya dace naman wata ya kai wata biyu a ɗaka har ya fara wari, ita tana kukan nauyin jiki, ga wata bayan katanga 'ya'yanta ko romo ba su gani ba?

Wata za ta ce, ai na maigida ne, ba ni da iko. Gaskiya ne, ki nemi izininsa. Amma wuƙa da tukunya a hannun wa suke? Ki ba shi shawara a fitar da rabon mutane tun nama na ɗanye, kafin ido ya saba da shi. Wanda ya rage, ki fi yawaita gashi da farfesu a kan suya, ki yaye man da ya taso. Ki zuba naki a ƙaramin kwano, ki haɗa da zogale ko rama. Gidan da kika je, yanka ɗaya da ruwa sun isa girmama mai gida. In zumuncin na kusa ne, ki taka da ƙafa.

Kin ga dabara ɗaya ta biya buƙata biyu: jikinki ya yi sauƙi, mizaninki ya yi nauyi. Allah Ya karɓi layyarmu, Ya ba yankinmu zaman lafiya, Ya maimaita mana. Amin.