Su wa ke ƙarƙashin ɗigon?

Kwanakin baya wani abokin aikina ya ba ni aron tsohuwar kwamfutarsa ƙirar Commodore 64, haɗe da wasan F-15 Strike Eagle, wanda kamfanin MicroProse na Amurka ya fitar a 1984. Mai wasa shi ne matuƙin jirgin yaƙi, kuma Libiya ake fara tura shi. Ni da ɗana mai shekara tara muka yi ta karɓa-karɓa a falonmu a nan Woolwich. Da ya saki bom wani ɗigo ya ɓace daga allo, sai ya juyo ya ce, "Baba, su wa ke zaune a wurin?" Na ce masa babu kowa, wasa ne. Ban yi ƙarya ba, amma tambayar ta ƙi barina.

Ma'ajiyar wannan na'ura kilobait 64 ce kacal, ba ta isa ɗaukar hoto guda na wayar zamani ba. Dole masu tsara wasan suka yi zaɓi: suka ajiye gudun jirgi, da tsayinsa, da man da ya rage, suka zubar da gidaje da kasuwanni da mutane. Mu injiniyoyi haka muke aiki, domin ba a iya lissafa abu sai an rage masa wasu sassa. Haɗarin yana farawa ne ranar da mutum ya manta abin da ya rage.

Unguwarmu shaida ce. A masana'antar makamai ta Royal Arsenal, wadda yau ta zama gidajen kwana a bakin Kogin Thames, ma'aikata kusan 80,000 ne suka ƙera makamai lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu ba su taɓa ganin waɗanda makaman suka faɗa wa ba. Ranar 7 ga Satumba 1940 kuwa jiragen Jamus suka yi wa wurin ruwan bama-bamai. A ranar, Woolwich ce ɗigo a taswirar wani.

A gida ma mun ɗanɗana. Daren 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi na sojan Najeriya ya kai hari bisa kuskure kan masu Maulidi a Tudun Biri, Jihar Kaduna, aƙalla mutum 85 suka rasu. Na'urar yau ba ta da uzurin ƙarancin ma'ajiya, amma duk da haka mutane ɗigo suke zama a idon mai kallon allo. Wanda ya yi nisa, in ji Hausawa, ba ya jin kira.

Hukuncin irin wannan wasa na bar wa malamai. Abin da na fahimta dai shi ne, lokacin da Sayyidina Abubakar (RA) ya hori rundunarsa kada ta kashe mata da yara da tsofaffi, ya ɗora wa mayaƙi nauyin sanin wanda ke gabansa kafin ya ɗaga hannu. Nisa ba ya sauke wannan nauyi daga wuyan mai danna maɓalli, ko injiniyan da ya ƙera masa allon.

Ban hana ɗana wasan ba. Washegari na buɗe masa taswirar Libiya, muka duba Tarabulus da Bangazi, da titunansu da masallatansu da makarantunsu. Na ce masa ya riƙe tambayarsa ta jiya, ya kuma riƙa yi mini ita game da aikina.